Shafukan da Yaya Ya Sa wa Tauraro

Ni na fara yi wa matar Yaya tsiyar gishiri. Wasan ƙanin miji ne: in na ɗanɗana miyarta sai in ce, "Matar Yaya, gishiri ya ƙare a kasuwar Wudil ne?" Ta yi murmushi ta wuce. Da Yaya ya soma ramewa sai wasan ya zama magana. Innarmu ta ɗauka ta baza a dangi: 'yar Utai tana horar mata ɗa da yunwa, ba nama, ba gishiri. Ni kuma don in ƙuntata wa matar tasa, duk Juma'a sai na sayo masa tsire da soyayyen kifin bakin gada, na barbaɗe da yaji da gishiri. A zaure yake ci, yana waiwaye.

A gonarsa ta Lajawa ya faɗi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa, aka binne shi bayan La'asar.

Matar Yaya tana cikin takaba ta aiko a kira ni. Ta ce ciwon ƙoda gare shi shekara biyu, ya rantsar da ita kada Inna ta ji, takardun asibiti ma yaga su yake yi. Bayan rasuwarsa ta faɗa wa Inna, Inna ta ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

"Shaidata tana cikin kwamfutarsa," in ji ta. "Akwai shafukan intanet da yake sa wa tauraro, daga nan yake karanto min abin da zan dafa. Don Allah ka nemo ka nuna wa Inna. Kai kaɗai ka san kan abin."

Kwamfutar ta daina tashi tun kafin rasuwarsa. Na kai ta shagona kusa da jami'a, inda nake buga wa ɗalibai takardu, na ciro faifan ajiyarta na haɗa da tawa. Burauza, manhajar shiga intanet, ba ta barin irin waɗannan shafuka a fili. Sai ka shiga foldar mai kwamfutar, ka sa a nuna maka ɓoyayyun foldodi, sannan ka yi ta nutsawa ɗaki cikin ɗaki. Na yi ɓatan kai sau biyu kafin na kai ga wani ɗan fayil da ko hoto bai kai nauyi ba.

Na buɗe. Abincin mai ciwon ƙoda. Yadda ake miya ba gishiri. Alamomin da ke nuna ƙoda ta gaza. Akwai wani shafi da ya jera abin da bai kamata mai ciwon ya kusanta ba, na ga gasasshen nama a ciki, na ga gishiri a sahun farko. Na daɗe a zaune ina kallon hannuwana.

In na kai wa Inna wannan, matar Yaya ta wanku. Daga nan kuma za a tambayi wanda yake kawo ƙunshin Juma'a, kuma duk gidan an sani.

Da yamma na tsaya a ƙofar ɗakinta na yi sallama. Ta taso da sauri har carbinta ya faɗi.

"An samu?"

"Babu komai a ciki," na ce. Da na tsaya nan da sauƙi, amma sai na ɗaga murya yadda Inna za ta ji daga tsakar gida: "Matar Yaya, ki ji tsoron Allah. Mamaci ma ba za ki bar shi ya huta ba?"

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta sunkuya ta ɗauki carbinta.

Ran da ta fita takaba ta koma Utai, ba wanda ya raka ta ko bakin titi. Fayil ɗin ban goge shi ba, ban kuma iya sake buɗe shi ba. Har yau in an zuba miya Inna takan ce, "Sa gishiri da kyau, nan ba gidan waccan ba ne." Ni nake miƙa mata robar gishirin.