Sunan da Ban Rubuta Ba

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Inna Kuluwa ta zo bironmu, wato ofishinmu na Dogon Dutsi ba. Lokacin ina tafinta, duk abin da kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, zai ji ko zai faɗa sai ya bi ta bakina. Talata ce, gero ya fara fid da kai.

Takarda ta zo daga gwamna, an tuɓe sarkin wata ƙaramar ƙasa ta Arewa, an haɗa garuruwansa da na maƙwabcinsa. Sarautar gidan ta ƙare ke nan. Shi kuma tsohon za a kai shi gabas mai nisa. Ƙa'ida ita ce a yi masa lasefase, wato takardar izinin ƙetare iyaka, a jera sunan duk wanda zai bi shi. Wanda babu sunansa, gardi, wato dakarun rakiya, su mayar da shi. Ni na cika takardar, na sa sunansa shi kaɗai. Kumandan ya buga hatimi, ya tafi gida ya kwanta da zazzaɓi yana zagin duk wanda ya gifta.

Inna Kuluwa matar sarkin ce, ta haura sittin. Tun da aka kai ta gidan ba ta taka kasuwa ba, sai ga ta tsaye cikin rana gaban biro. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, “Ɗana, an ce kai anka ba rubutun masu tahiya. Ka sa ni ciki.”

Na ce, “Ranki shi daɗe, an riga an buga hatimi.”

“Kai ɗan Arewa na. Ka san ba shi cin abincin hannun kowa sai nawa, kuma ido bai taɓa ganin shi yana ci ba. Wa za ya tsare mishi ƙohwa?”

Na sani kuwa. A gidan nan ita ke dafawa, ta ɗanɗana, ta zauna bakin ɗaki ta ba shi baya har ya gama. Gyaran ba wuya, sabuwar takarda ce kawai da ƙwanƙwasa ƙofar kumandan. Amma satin da ya wuce ya kori wani malami don ya tashe shi daga barcin rana. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Na ce mata sai gobe, alhali na san da sassafe za su tashi.

Sauran labarin sajan na gardi ya ba ni. Ta bi su a ƙafa da tukunya a ka. Kwana biyu tana dafawa, tana shimfiɗa zanenta bisa ƙaya ta kare shi daga idonsu ya ci. A iyaka sajan ya duba takarda, bai ga sunanta ba, ya mayar da ita. Daga nan tsohon sai ruwa. Sun dama masa fura, sun ma juya masa baya, bai taɓa ƙwaryar ba. Ya rasu a hanya. Ni na rubuta rahoton, na sa tsufa ne ya kashe shi, kumandan ya sa hannu.

Gidan sarautar aka ba wasu. Ta dawo Dogon Dutsi wurin ɗan ƙanenta, ina ganinta a rijiya tana jan guga da hannun da bai saba ba. Sau ɗaya ta tare ni.

“Ɗana, da ya cika, an samu wanda ya ruhe mishi ido?”

Na ce an samu. Wallahi ban sani ba.

Ku da ke riƙe da alƙalami yanzu, ku ji ni. A aikin nan mutum na iya yin kisa ba tare da ya karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Babu wanda ya tuhume ni, takardata daidai take, bayan nan ma ƙarin girma aka yi mini. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Amma har ta rasu, duk inda muka haɗu ita ke fara gaishe ni.