Dawuda Mai Gashin Zabo

Dawuda ɗan Ƙofa ne, a ƙasar Kusada, kuma har ya kai shekara ashirin da shida babu ruwan da ya taɓa gani da ya fi 'yar madatsar ruwan yankinsu girma. Manomi ne ɗan manomi. Da rani yana ɗinkin hula, sana'ar da ya koya wurin kawunshi, kuma mutanen Ƙofa sun shaide shi da hannu: idan ya ɗinka hula ba ka gane inda zare ya fara balle inda ya ƙare. Ba shi da yawan magana. Matarshi Rahamatu takan ce wanda bai san shi ba sai ya ɗauka fushi yake yi.

Shekarar 2004 gero bai yi ba. Bayan an sha ɗan abin da aka samu, Dawuda ya bi motar wani mai fataucin zabi zuwa Ikko cin rani. Aikinshi a kasuwar kaji shi ne yanka da figa, idan babu mai saye kuma ya jawo hularshi ya ci gaba da ɗinki. Wata rana da hantsi ya ga wani dattijo baƙi, gajere, mai furfura, ya durƙusa yana tsintar gashin zabo a ƙasa, yana ɗaga kowane ɗaya yana dubawa a hasken rana kafin ya sa a aljihu. Dawuda ya juya wurin abokin aikinshi ya ce, “Mi wannan tsoho zai yi da gashin zabo? Ko boka ne?”

Dattijon bai ko ɗago ba ya ce, da Hausa tsaf, “Ba boka ba ne, masunci ne. Kai kuma Bakatsine ne, daga jin ‘mi’ ɗin nan taka.”

Kunya ta kama Dawuda har allura ta soke shi. Mutumin ya ce sunanshi Okon, daga can Akwa Ibom, amma shekara bakwai ya yi a Kankia yana aikin gona na gwamnati tun yana saurayi, ya san Kusada, ya san Kafinsoli, ya taɓa cin tuwo a Ƙofa ma. Daga baya ya koma aikin tashar jiragen ruwa har ya yi ritaya. Ya karɓi hular da ke hannun Dawuda, ya juya ta ciki da waje, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ciro wani ɗan gwangwani, ya buɗe. A ciki akwai ƙugiyoyi, kowace an naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta zama kamar ɗan ƙaramin kifi.

“Za ka iya ɗaura irin wannan?”

Dawuda ya duba ya ce, “Wanda ya ɗaura wannan hannunshi na rawa.”

Okon ya yi dariya. “Ni ne. Shi ya sa nake tambaya.” Daga ranar Dawuda ya fara yi mashi aiki.

Sana'ar Baba Okon, kamar yadda Dawuda ya koma kiranshi, ita ce kai baƙi wani tsibiri yamma da Ikko, su kafa tanti su kwana biyu ko uku suna kamun kifi. Kamun nasu ba irin wanda aka sani ba ne. Babu koma, babu taru, ba a sa tana a ƙugiya. Sanda ce doguwa siririya mai lanƙwasa, da igiya mai ɗan nauyi, a bakinta kuma wannan ƙugiya mai gashi da suke kira ƙuda, ko da yake ba ta yi kama da ƙuda ba. Mutum zai shiga ruwa har gwiwa, ya yi ta kaɗa igiyar gaba da baya a iska har ta miƙe, ya sake ta ta sauka can nesa, sannan ya riƙa jawowa kaɗan-kaɗan. Babban kifi ya ga abu na gudu, ya ɗauka ɗan kifi ne, ya cafka.

Ranar da Dawuda ya fara shiga jirgi mai inji, amai ya yi ta yi har suka isa. Tsibirin wani dogon zirin yashi ne: faɗinshi tafiyar minti goma sha biyar, tsawonshi kuwa sai mutum ya wuni bai kai ƙarshe ba. Ɓangaren da suka sauka ruwa ne kwance, shiru. Baba Okon ya ce ya haura tudun yashin ya duba ɗaya ɓangaren. Dawuda ya ba ni labari cewa da ya kai saman tudun sai ya zauna kan yashin yana kallo. Ruwa ne har inda sama ta taɓa shi, yana tasowa kamar bango yana faɗuwa da ƙara. Ya ce bai san lokacin da ya fara kabbara ba. Abin da ya fara damunshi bayan ya natsu shi ne ko alwala tana yiwuwa da ruwa mai gishiri haka. Sai da suka koma gari ya tambayi limamin unguwarsu, aka ce mashi tana yi, sannan hankalinshi ya kwanta.

Ɗaurin ƙuda bai ba shi wuya ba, cikin sati biyu ya wuce maigidanshi. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo shi ya fi so, yana haɗa shi da farin gashin wuyan zakara da zaren hula mai walƙiya. Jifar ce ta wahalar da shi. Wata biyu yana yi igiya na naɗe mashi a wuya, sau ɗaya har ƙugiya ta kama kunnenshi, Baba Okon ya cire da filaya yana ba shi haƙuri yana dariya. Har yau tabon na nan.

Akwai abu ɗaya da suka daɗe ba su daidaita a kai ba. Ran da Dawuda ya kama babban kifinshi na farko, wani fari tas mai ɓawo kamar azurfa, tsawonshi ya kai ƙirjin mutum, kusan awa guda suna ja da shi kafin ya gaji. Da ya jawo shi bakin gaɓa sai Baba Okon ya ce a sake shi.

“A sake shi? Baba, wannan ai gida ukku zai ci.”

“Mace ce, ƙwai gare ta. Muna da na miya a tukunya. Idan kowa ya kwashi manya, baɗi me baƙi za su zo nema?”

Dawuda ya riƙe kifin a cikin ruwa kamar yadda aka nuna mashi, har ya ji ya motsa ya kufce daga hannunshi. Ya ce ranar bai ci abinci da daɗi ba. Sai da ya shekara yana ganin yadda manyan jiragen kamun kifi ke share tekun da taru, kifi na raguwa a idonshi, sannan ya daina gardama.

Haka rayuwar ta zauna. Da damina yana Ƙofa yana noma, da an kai amfani gida sai ya hau mota. Shi ke kafa tanti inda iska ba za ta tumɓuke ba, shi ke dafa abinci, shi ke sanin lokacin da ruwa zai cika da lokacin da zai janye. Baƙi 'yan Ikko da Turawa suka san shi, wasu ba su zuwa sai sun tabbata ya dawo daga arewa.

A shekara ta bakwai ne abin da ake yawan ba da labarinshi ya faru. Sun kai wani injiniya mai suna Dayo da matarshi Funke can ƙarshen tsibirin, inda babu ƙauye, babu ko bishiyar kwakwa. Mai jirgi ya sauke su, ya ce zai dawo jibi. Washegari da la'asar hadari ya taso daga teku. Ruwa ya hau har inda ba ya zuwa, ya shiga sansanin, ya ɗauke tanti ɗaya, ya tafi da jarkokin ruwan sha uku cikin huɗu. Wayoyinsu duk suka jiƙe. Jibin ta zo, teku na hauka, jirgi bai zo ba. Rana ta fito da zafi, jarkar da ta rage ta kusa ƙarewa, ga Funke da juna biyu. Dayo ya ce shi zai bi gaɓa da ƙafa ya nemi ƙauye. Baba Okon ya ce akwai mashigar ruwa a tsakani da ba ta ƙetaruwa.

Dawuda ya ɗauki murfin tukunya ya shiga tsakiyar tsibirin, yana tafiya yana duban ƙasa. A Ƙofa idan rijiyoyi suka ƙafe, cikin busasshiyar ƙorama ake tona yashi a samu ruwa, kuma tun yana yaro ya san a inda ciyawa ta fi kore ake farawa. Ya samu wani kwari tsakanin tudu biyu mai irin wannan ciyawa, ya durƙusa ya kama tono. Rami na farko ruwan ya fito da gishiri. Ya matsa ciki ya sake. A na uku, da ya kai zurfin hannu, yashi ya yi sanyi, ruwa ya fara tsattsafowa. Ya jira ya kwanta, ya ɗanɗana. Yana da ɗan bauri, amma ruwan sha ne.

Dayo ya zo da gudu ya karɓi murfin zai ƙara zurfi. Dawuda ya riƙe hannunshi ya ce wa Baba Okon, “Hwaɗa mashi ya bari. Ramin farko da na zurfafa gishiri na taras. Na daɗin a sama yake.”

Suka tace da rawani, suka tafasa, suka sha. Kwana biyu suka ƙara a kan wannan rami da kifin da Dawuda ke kamowa, kafin teku ta lafa jirgi ya iso. Da Funke ta haihu, har kasuwar kaji Dayo ya zo neman Dawuda don ya gayyace shi suna. Ya je, ya zauna a gefe da hularshi sabuwa, ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don sai nuna shi ake yi.

Daga baya idon Baba Okon ya fara dushewa. Ya kai ba ya ganin kifi a ruwa, amma hannunshi bai manta jifa ba. Sai Dawuda ya riƙa tsayawa a kafaɗarshi yana cewa, “Dama kaɗan, Baba. Taki ashirin. Saki.” Shekara huɗu suka yi haka.

A 2018 mahaifin Dawuda ya rasu. Shi ne babba, ga gona, ga tsohuwa, ga ƙanne mata. Ya je ya gaya wa Baba Okon ba zai ƙara dawowa ba. Tsohon bai yi ƙoƙarin hana shi ba. Ya sa 'yarshi Kike, wadda ta karɓi sana'ar, ta ɗauko sandar kamun kifin da ya fi so ya miƙa mashi. Dawuda ya ce, “Baba, ina zan kai ta? Ba mu da teku.” Tsohon ya ce, “Na zauna Kankia, na san kuna da madatsar ruwa. Karfasa ma kifi ce.”

Bayan ya dawo gida ne na san shi, don rumfar da yake zama ranar kasuwa tana kusa da makarantar da nake koyarwa. Yana bin masu zabi yana karɓar gashi, ya ɗaura ƙudaje, ya ba direban motar Ikko ya kai wa Kike. Sunan Mai Gashin Zabo daga nan ya bi shi. Ranar da ya fara zuwa madatsa yana kaɗa igiya a iska, masu wanki sun ɗauka taɓuwa ce ta same shi a kudu. Da ya jawo karfasa ta huɗu sai dariyar ta tsaya.

Baba Okon ya rasu shekara uku da suka wuce, Dawuda bai samu zuwa ba, abin yana cin ranshi. Bara da rani Kike ta kira shi ta ce teku ta cinye wurin da suke kafa tanti, tana so ya zo ya zaɓa mata wani, kuma ya taho da iyalinshi. Rahamatu ta ce ita ba ta shiga jirgi. Kwana uku ana lallashi, ta yarda.

Dawuda ya fara zuwa ya gai da matar Baba Okon, ya yi mata ta'aziyya. A tsibirin kuwa ya tarar gwiwarshi ba ta jure tsayuwa cikin igiyar ruwa kamar da, sai ya zauna kan tudu yana nuna wa Kike inda za ta jefa. Rahamatu ta ƙi matsawa kusa da ruwan ranar farko. Rana ta biyu ya hango ta can nesa, ta ɗaure zani, tana bin gaɓa a sunkuye. Ta dawo da gefen mayafinta cike da ƙwanso, a ciki har da wuri, irin na kuɗin da, guda tara.

“Malam, dubi,” ta ce. “Irin wanda kakata ke ɗinkawa a faifai. Ashe a ƙasa yake zube nan, ba mai ɗauka.”

Ya ce, “Shekara goma sha huɗu ina taka shi.”

“Kuma ba ka taɓa kawo mani ko ɗaya ba?”

Washegari da sassafe, kafin jirgi ya zo ɗaukar su, Dawuda ne ya riƙe mata kwano suka bi gaɓar tare.