Sistar da ta ɗauki mijina aiki

Jama'a, yau bakina ba zai yi shiru ba! Akwai wata Sista a sashen masu ciwon mantuwa na asibitinmu. Kullum ita ke riga kowa zuwa, ta buɗe tagogi, ta jera kujeru, ta gaida kowa da sunansa. Shekara ashirin da biyu tana haka, ba wanda ya taɓa tafa mata.

Maigidana tela ne, shekararsa arba'in da ɗaya, yaranmu uku har da ta goye. Da ya fara ɗinka aljihu a bayan riga muka je asibiti, likita ya ce ciwon mantuwa ne, dole ya riƙa zuwa duk sati.

Ranar farko mai rajista ya dube shi ya ce, "Malam, ina tsohon da ka kawo?" Muka leƙa ciki, duk masu furfura, ana tambayar su sunayen jikoki. Maigida ya ce min, "Ke, tashi mu tafi. Ni da babbar 'yata ke aji uku?" Wata guda ya ƙi komawa, ya shige ɗaki, ko keken ɗinkinsa ba ya kallo. Na yi kuka har na gaji.

Kwatsam sai ga Sista har gida, da yagaggen labule a hannu. Ko "ya jiki" ba ta ce ba. Ta ce, "Tela, an ce kai gwani ne. Ko wannan ya fi ƙarfinka?"

Ya ce, "Wa? Ni? Miƙo nan!"

Ta ce, "A'a, keken yana wajenmu. Sai Talata."

Ashe keken gidanta ta kinkimo zuwa asibitin! Mai sharar asibitin ta ba ni labari, wai sati guda Sista ta yi wajen wani tela tana koyon sa zare, don ta gano nan ne maigida ke rikicewa. Ta bi hanyar zaren a jikin keken ta ɗiga jan fenti, ɗaya, biyu, har biyar. Ranar Talata ya je ya bi fentin, zare na shiga, hannu da ƙafa suka tuna aikinsu.

Sista, ke ce uwar masu ƙaramin shekaru a wannan ciwo. Saboda ke yanzu Talata tasu ce, akwai direba, akwai malamar makaranta, hira har da shewa.

Ciwon yana nan, ban ce ya tafi ba, jiya ma da sunan ƙanwarsa ya kira ni. Amma da na je ɗaukarsa, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Jira ni a waje, ban tashi aiki ba." Wallahi dariya nake, hawaye na zuba!

Sista, Allah ya saka miki, ya raya zuri'arki. Ku kuma na sauran asibitoci, ku zo Talata ku koya a wajenta. Sai dai ku tsaya daga gefe, telan ba ya son a tare masa haske.