Mayafin da Malam Tajuddeen Ya Rataya

Gatanan gatananku. Ku ce ta zo mu ji, amma fa wannan ba tatsuniya ba ce, mai ita yana nan Gusau da ransa.

Shekara talatin Malam Tajuddeen yana buɗe ɗakin hoton ido kafin ƙarfe bakwai. Ya goge gilashi, ya share wurin ɗora haɓa, ya kira na farko a layi. Ba likita ba ne, shi dai ya ɗauka, likita ya karanta. Da aka kawo sabuwar na'ura, mai tura haske ya ratsa yanar ido ya nuno bayansa hawa-hawa, shi ya fara zama koyonta, da furfurarsa.

Ni na raka aminiyata Iya daga Furfuri. Ido ɗaya ya rage mata, shi ma har ƙyauren ɗaki ya fara lanƙwashe mata. Likita Hussaina kuwa sau ɗaya take zuwa a wata, da la'asar ta tafi. Ta ce, "Ba hoto, ba na taɓa idon nan. In ya ƙara wata, ban san abin da zan tarar ba."

To, ga inda ake yin ta: Tajuddeen mijin 'yar farin Iya ne. Tun ranar aure ba su haɗa ido ba. Na'urar kuma sai ka kafe ido gaba, daidai inda yake zaune.

Ya ce, "Iya, a dubi koren ɗigon nan na cikin na'ura."

Ta sunkuyar. Sau biyar.

Na ce, "Ke Iya, kunya kike so ko ido?"

"Rufa mini baki! Surukina zan zura wa ido da tsufana? Gara in koma gida."

Ta fara lalube takalmi. An kira la'asar. Direban likita ya danna hon.

Sai Malam Tajuddeen ya miƙe. Ya roƙi mayafina, ya rataya shi a igiyar labule, ya ɓuya bayansa. Ya daina magana, sai ya raɗa mini, ni in faɗa.

"Kalli koren. Kar ki ƙifta."

Ta ƙifta. Hon na biyu.

"Iya, don Allah!"

Kafin in ƙirga uku hoto ya fito: ruwa ya taru a bayan idon. Da gudu Malam Tajuddeen ya tare likita, ƙafarta ɗaya a mota. Ta dawo ta yi allura.

Malam, kai ne wanda bai sa tsohuwa ta zaɓa tsakanin mutuncinta da ganinta ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa, ku koyi na'ura, ku koyi mutane.

Shi ya ajiye aiki watan jiya. Likita tana zuwa duk wata. Iya tana tsince shinkafarta da kanta, har yau ba ta dube shi ba. Mayafina yana can a igiya, ya zama na asibiti.