Motar da Goggo Dulcie ta Lulluɓe

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga Maris, 'yarki Noeleen ta kira ni ta ce kin rasu a nan Cairns, garinmu na Ostareliya. Ban yi kuka ba a lokacin, Goggo Dulcie. Zama kawai na yi, don na gaji ƙwarai.

Ke kika kafa ƙungiyarmu ta masu ciwon hanta, ke kike kai mu asibiti, kina yi mana faɗa a hanya. Ranar da na ce ina jin kunyar karɓar maganin da gwamnati ke biya, harara kika watsa mini. "Kai Clive, haƙƙinka ne, ba bara kake yi ba. Tashi mu je, kana ƙona mini mai."

Da tallafi ya fito aka saya mana mota, sai aka gindaya sharaɗi: a rubuta sunan ƙungiya ɓaro-ɓaro a jikinta, jama'a su ga inda kuɗinsu ya tafi. Ban ga laifin masu ba da tallafin ba. Amma a unguwarmu, duk ƙofar da motar ta tsaya, kafin yamma kowa ya san ciwon mai gidan. Mutane suka daina shiga. Sai kika ɗauko zanen teburinki mai furanni, kika lulluɓe rubutun, kika ɗaure da igiyar kamun kifi. Motar ta sake cika.

Duk shekara mai bincike na masu ba da tallafin zai zo daga Brisbane, babban birnin jiharmu, ku maimaita gardama guda. Ya ce, "Uwa, ƙa'ida ce." Ki ce, "Ɗan nan, sunan yana nan, ɗaga zanen ka gani. Shayinka na hucewa." Mutumin kirki ne, shi ma ya gaji. Sai dai bana daga sama aka ce ko a cire zanen, ko a karɓe motar. Ana cikin haka kika kwanta.

Bayan jana'izarki muka cire shi, don babu mai bakinki a cikinmu. Jiya na je ɗauko tsoho Wesley, wanda likita ke jira ya duba ƙululun da aka gani a hantarsa. Ya leƙo ta taga, ya ga rubutun, ya saki labule. Na daɗe a ƙofar, bai fito ba.

Allah ya jiƙanki, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Noeleen da jikokinki da danginki na tsibirin Badu, Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma ya ƙara mana ƙarfin hali. Gobe zan koma ƙofar Wesley a ƙasa, ko zai yarda mu hau bas.