Ranar da Kaka Azumi ta Shiga Silima

A gidanmu na Zango, unguwar Hausawa a garinmu na bakin teku, da an idar da sallar magariba Kaka Azumi takan jawo murhun gawayinta tsakar gida ta jera masara a kai. Mu jikokinta bakwai ne a lokacin. Muna zama a kan dogon bencin da ke jikin bangon ɗakinta, kowa idonsa a kan masarar da ya zaɓa tun tana ɗanya. Ba ta fara magana sai gawayi ya kama sosai. Daga nan ta gyara zama ta ce, "Ku matso, baƙuwa ta iso." Mu ce, "Ta shigo mu ji." Lokacinmu gajere ne, daga magariba zuwa kiran isha'i, don haka ba wanda yake son a katse ta.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura, na 'yan mata a bakin rafi, na sarakunan da ba su jin shawara. Amma akwai labari ɗaya da muka fi roƙo, shi kuwa ba ta buɗe shi da baƙuwa. Sai ta ce, "Wannan da idona na gani. Sau ɗaya na shiga silima a rayuwata, kuma ban yi nadama ba."

Tana amarya a lokacin, a tsohon Zango na cikin gari, kafin a taso mutanenmu zuwa nan. Tana sayar da atamfa a Assigamé, babbar kasuwar garin, rumfarta tana jikin ta wata Kirista 'yar ƙabilar Mina mai suna Akosiwa. Idan Kaka ta tafi sallar azahar, Akosiwa ce ke tsare mata kaya. Wata rana a makon Paki, babban bikin Kiristoci da wasu ke kira Ista, Akosiwa ta ce an kawo wani dogon fim na Turawa a kan yadda addininsu ya fara, mijinta yana aiki a tashar jirgin ruwa ba zai samu zuwa ba, ita kuma ba ta son shiga ita kaɗai. Kaka ta ce, "Mu je." Suka rufe rumfa da wuri suka tafi kallon yamma.

Da Faransanci mutanen fim ɗin suke magana, Kaka kuwa ba ta ji. Akosiwa ce ke raɗa mata da yaren Mina, rabi ta faɗa, rabi kuka ya cinye. Abin da Kaka ta fito da shi, shi take ba mu.

Wani gari ne da sojojin Rum suke mulki. Mabiyan Annabi Isa ba su da yawa, kuma an hana su taruwa, sai dai a ɓoye. A cikinsu akwai wata mata mai gasa burodi, ba yarinya ba, ba kuma tsohuwa ba, hannunta duk ƙuna. Ita ke kai musu abinci, saboda haka ta san gidan da suke haɗuwa. Sojoji suka zo suka ce ta nuna musu gidan. Ta ce ita burodi ta sani. Suka fasa mata tanderu. Ta tsaya tana kallonsu. Suka kawo babbansu, ya yi mata magana mai taushi, ya ce ba sai ta furta ba, ta nuna da ido kawai ta koma gidanta. A nan Kaka takan ajiye mafici ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Sai matar nan ta rufe idonta. Ta rufe shi gam, don kada ma ya kuɓuce mata ya kalli wajen."

"Kaka, sai suka yi mata me?"

"Suka tafi da ita. Ban ga sauran ba, ni ma na rufe nawa."

Takan gaya mana kuma cewa tun farkon fim ɗin an nuna wai an gicciye Annabi Isa. Ta ce da aka zo nan ta sunkuyar da kai, ta ce a ranta, Allah ya ɗauke shi, ba su kashe shi ba. Akosiwa tana ta kuka a gefenta. Kaka ta miƙa mata gefen mayafinta ta share fuska.

Wurin da muke dariya shi ne bayan an tashi. Ta ce mutane sun ƙi watsewa, sun tsaya a ƙofar silima kowa da nasa. Wani malamin coci mai tabarau yana cewa kowane yaro a garin nan ya kamata a kawo shi ya gani. Wani tela ɗan Zango ya ce masa ai tun daga farko aka kauce hanya, ƙarshe kuma ba zai miƙe ba. Wani ɗan dako ya ce shi duk ba ruwansa, dawakai da takubba ya zo gani, an cika shi da wa'azi. Wata tsohuwa mai kifi ta tambaya, yaya aka yi duk mutanen ƙasar nan farare ne, ko mai kiwon akuya? Kaka tana kwaikwayon muryar kowannensu, har da yadda malamin cocin ke tura tabarau da yatsa. Ta ce Akosiwa ta juyo ta tambaye ta, "Ke fa, Azumi, me kika gani?" Ta ce mata, "Mai burodin nan. Mace ce."

Telan nan ya riga ta isa Zango. Washegari yayan mijinta, Alhaji Mamman, wanda shi ne babba a gidan, ya sa aka kira ta zaure. Kakanmu, mijinta, yana zaune a gefe, kansa a ƙasa. Alhaji ya ce ta jawo wa gida magana, matar aure, Musulma, a cikin silima tana kallon abin coci. Ya ce daga yau ta nemi wata rumfa, ta rabu da matar nan.

"Na durƙusa yadda ya kamata," in ji Kaka. "Na ce, Yaya, tafiya ba da izini ba laifina ne, na karɓa, a yafe mini. Amma na shiga da imanina na fito da shi. Abin da ba namu ba na bar musu a can. Rumfa kuwa ba zan tashi ba, Akosiwa kuma ba zan daina gaishe ta ba, don ba ta yi mini komai ba sai alheri."

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Matan gidan suka daina kiranta idan za a je suna ko biki. Kakanmu ya yi mako guda ba ya ce mata komai sai amsa gaisuwa. Kullum da safe ta ɗauki kayanta ta tafi rumfar nan dai, ta gaishe da Akosiwa da murya sama yadda duk layin zai ji. Ran na takwas, tana zuba wa kakanmu ruwan alwala, sai ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Wai ita mai burodin, ta nuna musu gidan?" Ashe telan ya ba shi labarin fim ɗin, ya tsallake wannan wurin.

Akwai wata yamma da ba na mantawa. Kawu Sani, ɗanta na fari, ya dawo daga karatu ba da daɗewa ba. Ya shigo daga masallaci ya tarar tana tsakiyar labarin. Ya tsaya ya saurara, sannan ya ce a hankali, "Mma, yara ne. Kada a rikita musu tunani da labarin mutanen nan."

Kaka ta juya masarar da ke gabanta. Ta dube ni ta ce, "Rabi, wane ne Isa?"

Na ce, "Annabin Allah ne, ɗan Maryama."

"An kashe shi?"

"A'a, Allah ya ɗauke shi."

Ta juya wajen Kawu. "Ka ji. Ba su rikice ba. A garin nan za su girma, Sani. Da mutanen nan za su hau mota, da su za su yi ciniki. Gara su ji daga bakina. Kai kanka a kasuwa naƙudarka ta kama ni, matar da ta fara ɗaukar ka da gicciye a wuyanta. Zauna ka ci masara, ko ka wuce, ina tsakiyar magana."

Kawu ya zauna. Bai yarda da ita ba, na sani, don sun ƙara yin maganar daga baya. Amma bai sake hana ta ba.

Yau ni ce a Assigamé, ina sayar da atamfa kamar yadda ta yi. Kaka ta rasu tun ina budurwa. Bara ɗana ya nemo mini fim ɗin a waya, bayan na ba shi duk alamomin da na tuna. Na yi kwana uku ina kallo tsakanin ciniki. Na yi mamaki ƙwarai. Fim ɗin na manyan mutane ne, sarakuna da hafsoshi da masu wa'azi. Mai burodin ba ta fi 'yan mintuna ba, ko suna ba a ba ta ba. A ƙarƙashin fim ɗin mutane sun rubuta ra'ayinsu, ɗana yana karanta mini: wani ya ce shi ya ƙara masa bangaskiya, wani ya ce ƙarya ce aka yi wa ado, wani ya ce ya yi tsawo, wani yana yabon tufafi. Muka yi ta bin rubuce-rubucen har ƙasa, ba wanda ya ambaci matar.

Na daɗe ina ɗauka Kaka tana koya mana zama lafiya da maƙwabta ne kawai. Sai a lokacin na gane ta zaɓi abin da za ta ɗauko. A cikin awa uku na abin da ba nata ba, ta hango mace guda da aka ce ta ba da mutanenta ta ƙi, ta ɗauko ta ta kawo Zango, washegari ta yi irin nata a zaure. Ba ta taɓa sassauta abin da ta yi imani da shi don ta faranta wa Akosiwa ba, ba ta kuma saki Akosiwa don ta faranta wa gida ba. Riƙe biyun nan tare ya fi sakin ɗaya wuya, na gwada na gani.

Da Paki ya zagayo bana, maƙwabciyarmu ta gayyaci 'yata Hauwa su kalli irin wannan fim a gidansu tare da 'ya'yanta. Maigidana ya ce bai ga amfanin zuwan ba, yarinya ce, za ta ga abin da ba ta da amsarsa. Na ce gaskiyarsa ne a nan, shi ya sa ba za ta tafi ita kaɗai ba.

"Ke ma za ki je ki zauna?"

"Zan je in zauna kusa da ita. Abin da ta tambaya in amsa mata. In mun dawo kai ma ka tambaye ta abin da ta gani."

Sai ya ce mu dawo kafin magariba. Na kira Hauwa na ce ta ɗauko takalminta.