Motar da Ta Fi Lungunmu Faɗi

Ranar Asabar ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji shida a firamare, motar Baba ta maƙale a lungunmu na unguwar Nima. Da hantsi ne. Maza shida na turawa, Baba na riƙe da sitiyari, ni kuma ina tafiya da baya a gabansu ina yi musu alama da hannu. Hancin motar ya wuce lafiya, ƙofofi suka wuce, sai Baba ya ce a tsaya. Ya haura ta saman ƙofa, domin babu wurin buɗe ta, ya je ya duba baya. A dama bangon ƙaramin masallacin unguwa ne, a hagu bangon kicin ɗin Mma Adiza, maƙwabciyarmu mai sayar da waakye, shinkafa da waken da rabin unguwa ke karya kumallo da shi. Bayan motar ya fi tsakanin bangayen nan faɗi da yatsu uku a kowane gefe.

Shekara huɗu kafin wannan rana aka shigo da ita. Baba, wanda kowa ke kira Masta Issaka, mai gyaran jikin mota ne a wani gareji a Mamobi. Ya je aiki wani tsohon gida a Adabraka ya gan ta a ƙarƙashin mangwaro: 'yar gajeriyar motar tsere mai kujera biyu, marar rufi, ta girmi auren iyayena. Mai gidan ya ce ya kwashe ta ya huta. Aka turo ta har filin da ke bayan ɗakinmu, inda matan gidan hayarmu ke shanya. Kaji suka mai da ita wurin ƙwai. Duk safiya in Mma Adiza ta leƙo ta katanga sai ta ce, "Masta, yaushe akurkin nan naka zai tashi?" Shi kuwa ya ce, "Ki dai ajiye mayafinki mai kyau."

Wanda bai zauna Nima ba ba zai san cewa lungu yana ramewa ba. Yau wani ya ƙara matakala a ƙofarsa, gobe wata ta kafa teburin koko, jibi a ja bangon wanka gaba kaɗan. Baba ya san haka. Ranar da motar ta shigo ya yanki igiyar shanya, ya auna inda ta fi faɗi, ya ƙulla ƙulli, ya rataye igiyar a ƙusa bayan ƙofa. Kowane wata yakan bi lungun da ita tun daga gidanmu har bakin titi. Yara na binsa suna ihu, "Ga mai awon gwamnati!" In ya ga wani ya ci hanya, ba ya faɗa. Goro yake saya ya je ya zauna, ya yi ta lallashi har a mayar da bulon baya.

Aikin kuwa bayan la'asar ake yinsa, da ranar Lahadi. Ni sai na gama ɗebo ruwa a famfo, na dawo daga makarantar allo, sannan in zauna kusa da shi, ina jin tafin 'yan uwana mata suna wasan ampe a waje. Baba ba ya yarda da fila, ƙullun nan da ake cusawa a rami a shafe. Guduma yake sawa ta waje, dunƙulen ƙarfe ta ciki, yana bugawa a hankali har lotsawar ta tashi. Amma tafin hannunsa ya yi kanta, wutar walda ta cinye masa ji. Don haka ya ari nawa. Yakan shimfiɗa siririn hankici a kan ƙarfen ya ce, "Rakiya, rufe idonki ki shafa. Inda yatsanki ya tsaya, faɗa mini." Inda na nuna sai ya zagaye da alli. Babu wani wuri a duniya da ake jiran maganata kamar nan.

A shekara ta uku ya kai ga ƙarfen da ke rufe tayoyin baya, wanda yake kira kafaɗu. Iskar teku ta cinye su, tsatsa na zuba kamar garin barkono. Ya ce sababbi zai ƙera, kuma ba irin na da ba, yana so su fito su yi tudu, motar ta tsaya kamar ɗan kokawa. Ya samo farantin ƙarfe da kututturen itace da ya fafe, ya yi wata biyar yana bugu. Na asali da kusoshi aka ɗaura su, nasa kuwa walda ya yi musu da jikin motar, ya goge har ba a ganin mahaɗa. Wani abokinsa makanike ya tayar da injin. Aka fesa mata kore mai duhu, kalar ganyen gwaza bayan ruwan sama.

To, ranar Asabar ɗin nan Baba ya aike ni na ɗauko igiyar. Ya auna lungu, ƙulli ya zauna daidai, ba wanda ya ci ko yatsa ɗaya. Ya ɗora ta a bayan motar, ƙullin ya kasa kaiwa. Sai Mma Adiza ta fashe da dariya da ludayi a hannu: "Masta, shekara huɗu kana gadin lungu, ashe motanka ne yake ƙiba!" Da ta dubi fuskarsa sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "A fasa bangon nan nawa, ai bulo ne kawai." Mijinta ya rasu, murhun da ke jingine da bangon shi ke ciyar da 'ya'yanta biyar, kowa ya san in an fasa sai ta yi kwanaki ba ta ɗora tukunya ba. Baba ya naɗe igiyar a hannunsa ya ce, "Mma, ni na yi kuskuren, ba murhunki ba." Ya ce a mayar da motar ciki.

Washegari da safe ya kunna wutar walda ya yanke kafaɗun da kansa. Na tsaya ina kallon koren fentin yana kumbura yana baƙi, ina kuka, bai ce in yi shiru ba. Da suka huce ya naɗa mini gammo ya ɗora mini ɗaya a ka, ya ɗauki ɗayan. Motar ta bi lungun da tayoyi a waje, ta fita ba ta taɓa ko'ina ba, aka tura ta garejin Mamobi.

Mayar da su ya fi ƙera su wuya, domin zafin yanka ya murɗe bakin ƙarfen. Mako bakwai muka yi. Kullum in an tashi makaranta in wuce can da jakata, ya shimfiɗa hankici, in rufe ido, yatsana ya tsaya, ya ɗauko alli. Wata rana na gaji, na kuma ga yadda bayansa ke ciwo, na ce masa ya yi daidai. Ya ce, "Bakinki ya ce ya yi, yatsanki ya tsaya a nan." Ya zagaye wurin. Ban sake gwada masa haka ba. Ranar da hannuna ya bi kafaɗar tun daga ƙofa har fitilar baya bai tsaya ba, sau uku ya sa na maimaita, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce alhamdu lillahi. Mma Adiza ce ta fara shiga, da mayafinta mai kyau, tana ɗaga wa mutanen titin Nima hannu. Ni ce ta biyu.

Baba ya rasu a daminar da ta wuce. Motar tana gidana a unguwar Malam, a ƙarƙashin tamfol, igiyar na cikin aljihun ƙofarta. Garejin Mamobi ya zama shagon waya, yaran yanzu kuma fila suke shafawa su fesa fenti a wuni ɗaya. Lungunmu ko kurar ruwa ba ta bi, amma bangon Mma Adiza na nan, jikarta ce ke ɗora tukunya. Wani lokaci nakan ɗage tamfol ɗin, in shimfiɗa hankici, in rufe ido in shafa, ina neman inda ya yanka ya haɗa, ko yatsana zai tsaya in ji kamar yana gefena da alli. Har yau bai tsaya ba.